Sunayen da Na Tsallake

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar hutun damina, shekarar da na gama aji biyar na firamare, kakata Inna ta sa na yi wa mahaifiyata ƙarya. An yi ruwa da asuba, tsakar gidanmu na unguwar Mabera a Sokoto duk ta jiƙe, kaji sun takure a bayan turmi, Mama kuma tana tsugune a ƙofar madafa tana fama da jiƙaƙƙen itace. Inna ta fito daga ɗaki ɗaure da zanenta na saƙi, wanda ba ya barin akwati sai Sallah ko biki, da tasbaha a hannu, ta ce za ta je barkar haihuwa gidan wata 'yar garinsu, ni ce zan yi mata jagora. Mama ta ɗago ido ta dube ni, ni kuwa da aka riga aka saye ni da alkawarin ƙosai, na gyaɗa kai kamar da gaske, har da ƙarin cewa namiji aka haifa. Ta ce mu dawo kafin la'asar. Muka bi lungu muna tsallake kwatami, hannun Inna a kafaɗata, sai da muka kai bakin titi ta sa na tsayar da ɗan kabu-kabu mai haya da babur, sannan ta rage murya ta ce masa, "Bariki za ka kai mu, na soja."

Inna mahaifiyar Mama ce, kuma ba 'yar birni ba ce. A Kwalkwalawa take, kusa da gulbi, tun kafin a kafa jami'a a gefen garin. A shekarar nan yanar ido ce ta kawo ta gidanmu, ana ɗiga mata magani ana ba ta ranar dawowa asibiti. Amma a sauran shekaru ni ake kai mata da zarar an ba da hutu, da 'yar jakar ledata da takalmin roba sabo. Sana'arta gyaran shinkafa. Takan jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a surfa ba, ta kwana, ta turara ta a babbar tukunya, ta baza a tabarmi ta sha rana, sannan a surfe. Aikina shi ne zama a bakin shanya da dogon kara ina korar kaji da awakin maƙwabta, kuma ban taɓa yin aikin nan da gaskiya ba. Da na ji yaran unguwa sun fara 'yar carafke a gindin darbejiya sai in jingine karan in sulale. In na dawo na tarar da akuya ta yi kaca-kaca da tabarma guda, Inna ba ta duka, sai dai ta riƙe haɓa ta ce, "Ke Ta-Birni, mi kinka iya ban da cin burodi?" Sunan da take kirana ke nan har ta bar duniya.

Na so hutun nan fiye da komai. Da safe mukan bi manyan 'yan mata fadama mu tsinko tafasa da lalo, mu dawo ƙafafu duk taɓo. Da yamma a tura mu gonar gero korar tsuntsaye, mu yi ta buga gwangwani muna waƙa har muryoyinmu su dushe. Mukan yi 'yar tsana da kara mu yi mata kitso da gashin masara, mu ɗaura mata aure da ɗan tsanar gidan gaba, a yi walima da tuwon ƙasa. Inna tana da kwanon sha na musamman da take dama mini fura, ta zauna tana kallona har in shanye, tana yi mini tsiyar cewa 'yan birni ba su da ƙashi.

A ɗakinta, a saman gadon kara, akwai wata ƙusa da aka kafa a bango, kuma a jikin ƙusar lauje ne rataye. Duk kaka takan sauko da shi ta goge da tsumma, ta shafa masa man gyaɗa, ta mayar. Ba ta yanka da shi, ba ta kuma ba da aronsa, ko da kuwa shinkafar maƙwabci na zubewa a gona don rashin abin yanka. Na taɓa jin wani ya zo aro, ta ce masa daga bayan asabari, "Mai abin na nan tahe." Mai abin kuwa shi ne mijinta, kakana, wanda kowa a garin ke kira Dogo. A shekarar da gulbi ya cika ya cinye masa shinkafa, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya shigo birni ya shiga soja ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Ya ce da Inna kafin wata kakar ya dawo, ta adana masa laujensa. A lokacin tana da cikin Mama.

Bai dawo ba. Ba wasiƙa, ba akwati, ba wanda ya zo ya yi sallama a zaure ya ce ga abin da ya faru. Da aka gama yaƙi wasu suka dawo, wani da sanda, wani da rediyo. Sai wani mafatauci ya zo da labarin wai ya ga Dogo a kurmi, a wata kasuwar shanu, ya yi ƙiba, ya auri mutuniyar can har da 'ya'ya. Ba wanda ya tambayi mafataucin nan shaida, labarin kawai ya yi wa mutane daɗin faɗi. Da shi Mama ta tashi. Yara suna yi mata gorin cewa ubanta ya gudu ya bar ta tun tana ciki, shi ya sa ko da ta girma ba ta son a tayar da zancen. Inna kuwa an yi ta zuwa neman aurenta, alƙali ma ya ce ta cika shekarun jira, amma ta ƙi. Abin da take so ta sani guda ɗaya ne: mutuwa ya yi, ko barin ta ya yi? In mutuwa ce, to, ta san abin da za ta yi da ita. Ɗayan ne ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

A layin asibitin ido ta ji labarin ɗakin. Wata tsohuwa da suke zaune a benci ɗaya ta gaya mata cewa a cikin bariki akwai wani ɗakin tarihi da 'yan mazan jiya suka haɗa, an rubuta sunayen duk 'yan wannan yanki da suka faɗi a yaƙi, har ta je an nuna mata na wanta. Inna ta dawo gida ta yi wa Mama maganar. Ina tsakar gida ina wanke-wanke na ji Mama ta ce, "Inna, wanda yat tahi ya tahi. Ki bar tonon nan." Bayan kwana biyu aka haifi jaririn nan namu na ƙarya.

A ƙofar bariki sojan da ke tsaro ya dube mu, tsohuwa da yarinya, ya yi ɗan murmushi ya nuna mana hanya da baki. Muka bi wani titi mai itatuwan da aka shafa wa farar ƙasa a gindi, har muka kai wani dogon gini mai rufin kwano. A gabansa ne na ga abin da ya tafi da hankalina. Wata tsohuwar motar sulke ce, tayoyinta sun nutse a ƙasa, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, ga igwa biyu a gefe an yi musu fenti baƙi. Yaran bariki kusan shida suna kanta, suna shiga ta wata ƙofa a sama suna leƙowa ta wata 'yar taga, ɗaya ya ɗaura kwalin madara a ka shi ne kwamanda. Na tsaya cak. Inna ta matsa kafaɗata ta ce in mun gama abin da ya kawo mu sai in hau.

Mai kula da ɗakin wani dattijo ne mutumin Zuru, da tsohuwar rigar kaki mai lambobi a ƙirji, yana ɗingishi. Baba Sajan yaran ke kiransa. Ciki akwai duhu-duhu da warin fenti da na jemage. An jera akwatunan gilashi, a cikinsu hulunan kwano, da gorunan ruwa, da takalman da suka bushe suka lanƙwashe, da wasiƙun da suka koma ruwan ƙasa. A bango hotuna ne na samari cikin kaki, duk sun yi kama da juna. Can ƙurya kuma alluna huɗu ne na katako, kowanne ya fi ƙofar ɗaki tsawo, an rubuta sunaye da farin fenti tun daga sama har ƙasa. Baba Sajan ya gaya mana, da alfahari, cewa su da kansu suka bi takardu ɗaya bayan ɗaya, duk ɗan yankin nan da ya faɗi a can yana kan allunan nan, ba su bar kowa ba. Sannan ya ce, "Baiwar Allah, mene ne sunan mutumin naki?"

Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Dogo aka ce mai."

"Dogo kam kowace bataliya da nata. Sunan yanka nake so."

Nan muka tsaya. Inna irin matan zamanin da ce, waɗanda ba su faɗin sunan miji ko na ɗan fari, ko a gabansa ko a bayan idonsa. Ni kuma ban san sunan ba, don ban taɓa jin kowa ya faɗa ba, Mama ba ta zancensa, mutanen gari kuwa Dogo suka sani. Inna ta yi ƙoƙarin zagayawa, ta ce sunan ƙanen limamin garinsu gare shi. Baba Sajan ya dube ni, na ce ni Malam Ƙarami na san ana kiran wannan. Ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce matarsa ma 'yar nan ce, tun da ya aure ta sau ɗaya ya ji sunansa a bakinta, shi ma ran da suka yi faɗa. Ya ce to ta raɗa wa yarinya a kunne. Inna ta girgiza kai ta ce, "Ban taɓa hwaɗinai ba, ba yau za ni hwarawa ba. Yarinya ta iya boko. Ta karanta dut, in ta kai gare shi na ji."

Baba Sajan ya daina dariya. Ya jawo mata benci, ya ce shi ma idanunsa ba su ganin ƙananan rubutu, kuma da an yi kiran azahar yake rufe ɗakin. Ya ba ni wata 'yar kujera in taka don in kai na sama.

Haka na fara. Sunan farko, sai na biyu, kowanne da sunan gari a bayansa, wane Sokoto, wane Gusau, wane Argungu, wane Zuru. Ba a jera su bisa haruffa ba, don haka ba yadda za a yi a yanke hanya. Duk sunan da na faɗa sai in ji ƙwayar tasbaha ta faɗa kan 'yar'uwarta, Inna ta ce a hankali, "Allah shi jiƙan shi." Da na kai wani suna irin na mutanen coci na ɗan dakata, na waiwaya in ga ko in wuce shi. Ta ce, "Hwaɗi. Wanga ma ɗan wata na." Ta ja masa ƙwayarsa kamar kowa. A allon farko ina jin kaina wata babba, muryata tana amsa kuwwa a ɗakin, Baba Sajan yana gyara mini inda na yi tuntuɓe. A na biyu maƙogwarona ya fara bushewa. Rana ta fito bayan ruwa, kwano ya ɗauki zafi, gumi yana bin bayana, ƙosan da aka yi mini alkawari har yanzu ban gan shi ba. Ta taga kuma ina jin yaran nan suna harbin juna da baki, suna faɗuwa suna tashi.

Allo na uku shi ne a lungu. An jingina wani dogon akwatin gilashi a gabansa, ya rufe kusan rabinsa na ƙasa. In mutum yana son ganin sauran sunayen sai ya durƙusa ya cusa kai tsakanin akwatin da bango. Na karanta har inda ido ke gani, sannan na leƙa. Akwai yanar gizo-gizo, da kashin jemage, da wani ɗan gidan zanzaro a kusurwa. Baba Sajan ya fita yin alwala. Inna tana zaune ta karkato kunne, idanunta da suka yi fari suna kallon wani wuri a saman kaina. Na duba kayan Sallata da na saka, na duba taga, na ji a raina cewa azahar ta kusa, in aka rufe za a kore mu ban hau motar nan ba. Ban yi wani dogon tunani ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi har yau. Na ɗan yi tari, na matsa gefe taku biyu, na kama sunan farko na allo na huɗu kamar shi ne ke biye. Tasbaha ta ci gaba da tafiya.

Da na kai ƙarshe na tsaya. Inna ta jira kaɗan, sannan ta ce, "Sun ƙare?"

"Sun ƙare, Inna."

Ta naɗe tasbahar a hannu, ta kwance, ta sake naɗewa. Baba Sajan ya shigo yana share fuska da hula, ya dube ta, bai tambaya ba. Ita ce ta ce masa, "Ba shi nan. Ashe gaskiya mutane sunka hwaɗi." Ta yi masa godiya sosai, ta yi masa addu'ar gamawa lafiya, sannan ta miƙo hannu ta lalubo kafaɗata. A waje ta sami gindin bishiya ta zauna ta ce, "Tahi ki hau motarki." Na kuwa tafi. Da zan iya cewa ban ji daɗin hawan ba da na faɗa, amma ƙarya ce. Na shiga ta saman, na leƙo ta 'yar tagar, yaran suka ba ni kwalin madara na zama kwamanda. A hanya ta saya mini ƙosan, kuma na cinye shi tas.

Aikin idon ya yi kyau, ta koma gida kafin kaka. Da hutu ya sake zagayowa aka kai ni Kwalkwalawa, na shiga ɗakinta na ajiye jaka, sai na ga ƙusar nan ba komai a jikinta, sai tabon mai a bango daidai siffar lauje. Na tambaye ta. Ta ce ta ba wani yaron maƙwabta da ya yi sabuwar gona, ta ƙara da cewa, "Ƙarhe na, zamanai nan ba shi da amhwani." Ba ta canza mini fuska ba, ta ci gaba da dama mini fura tana yi mini tsiya. Amma akwai abin da ya ragu. A da in aka yi sallama da baƙuwar murya a zaure takan tsayar da taɓarya ta saurara. A hutun nan na lura ta daina.

Na so in gaya mata, amma ban san ta ina zan fara ba. Da farko na riƙa ce wa kaina ai sunaye kaɗan ne, cikin ɗaruruwa me zai sa ya zama yana cikin waɗannan. Da na shiga sakandare sai kunya ta maye gurbin wannan lissafin. Na ce in na girma zan koma ni kaɗai in duba, in akwai labari mai kyau sai in kawo mata shi gaba ɗaya. Ina shekarar ƙarshe a makarantar kwana aka zo aka ɗauke ni, aka ce Inna ta rasu bayan zazzaɓin kwana uku. Sunan kuwa ban san shi ba sai bayan shekaru, ranar da nake cike wa Mama takardun tafiya aikin Hajji. Na kai wurin sunan mahaifi na tsaya. Ta kawar da kai ta ce, kamar mai tofar da abu mai ɗaci, "Halliru." Na rubuta, na kuma riƙe shi a raina, amma ko a lokacin ban je ba. Tsoro nake ji, kuma ban san wanne na fi tsoro ba, in same shi ko in rasa shi.

Yarana ne suka kai ni. A hutun da ya wuce sun ishe ni a gidan aurena na unguwar Arkilla da cewa kowa a ajinsu an kai shi wani wuri ban da su. Babbar, wadda take daidai shekaruna na wancan lokaci, ta ce malaminsu ya ba su labarin ɗakin tarihin sojoji. Na kawo uzuri iri-iri, ba wanda ya karɓu. Muka hau keke mai ƙafa uku muka tafi. An gyara wurin, an sa tayil da fanka, wani saurayin soja ne a ƙofa yana latsa waya. Na tambaye shi Baba Sajan, ya ce bai taɓa jin sa ba. Motar sulken tana nan, an kewaye ta da sarƙa, an rubuta kada a hau. Allunan ma suna nan, an sabunta musu fenti, akwatin gilashin nan kuma an mayar da shi tsakiyar ɗaki. Yara suka ruga wurin bindigogi. Ni na nufi lungu, na durƙusa a gaban allo na uku. Ban ma sha wahalar nema ba. Yana nan ƙasa, layi kaɗan daga inda na tsaya: Halliru Kwalkwalawa. Ko da ban san sunan ba a wancan lokaci, sunan garin kaɗai ya isa ya tsayar da ni.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. 'Yata ce ta zo ta dafa ni ta ce ko ƙafata ce ke ciwo.

Washegari na tafi Mabera ni kaɗai. Na tarar da Mama a kan tabarma tana tsince wake, ta tsufa, ta fara kama da Inna a wuya da hannuwa. Na gaya mata komai, tun daga jaririn ƙarya har zuwa gidan zanzaro. Na zaci za ta yi faɗa, har na so ta yi. Ta ture farantin gefe ta tambaye ni shekaruna nawa a lokacin. Na ce goma sha ɗaya. Sai ta ce, "Ni ta hwara roƙo in raka ta. Na iya karatu, kuma da na duƙa. Na ƙiya." Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwati. Ta fito da mayafi a kafaɗa, da tasbahar Inna a hannu.

Da muka isa ɗakin tarihin, saurayin sojan ya kawo mata kujerar roba. Na durƙusa a inda ya kamata in durƙusa tun ina yarinya, na kama daga sunan da na tsaya. Ina faɗa, ƙwaya tana faɗuwa, Mama tana cewa Allah shi jiƙan shi, da muryar da ta sa na kasa waiwayawa. Da na kai kansa na faɗe shi a fili, sai tasbaha ta tsaya. Ta ce, "Sake hwaɗi." Na sake. Sai na ji ta ce, "Allah shi jiƙan ka, Baba." A iya sanina ba ta taɓa kiran kowa da wannan sunan ba. Na yunƙura zan tashi, ta ce in koma, akwai saura a ƙasansa, su ma 'ya'yan wasu ne. Na karanta har na ƙarshe, wanda ke dab da siminti.

Yanzu hoton allon yana cikin wayata. 'Yata ta ɗauke shi cikin ƙiftawar ido, takan buɗe shi da yatsu biyu ta nuna wa ƙannenta sunan kakan mamansu, su kuwa suna faɗinsa gatsal ba ko kunya, har sun haddace. Kwalkwalawa ta cika da shaguna da ɗakunan haya na ɗalibai, gindin darbejiyar da muke carafke an yi wurin cajin waya. Ɗakin Inna wani ɗalibi ne a ciki, na roƙe shi ya bar ni na leƙa, ƙusar tana nan, ya rataye jakarsa a kai. Laujen na bi sawunsa ban same shi ba. Mata ba mu zuwa maƙabarta, don haka ko gefen kabarinta ban samu na tsaya na gaya mata ba, sai dai in faɗa a cikin addu'a bayan kowace salla. Ina kewarta ƙwarai. Ina kewar hannunta a kafaɗata, da ƙanshin shinkafa a tukunya, da muryar nan mai ce mini Ta-Birni. Da za a mayar mini da safiya guda daga ƙuruciyata, ba ta fadama zan zaɓa ba, ba kuma ta gindin darbejiya ba. Wannan Larabar zan zaɓa, in shiga lungun nan da kayan Sallata, zanzaro ya harbe ni in ya ga dama, in faɗi sunan in ji tasbaharta ta tsaya. Inna ta jira shi shekara talatin, ni kuwa na kasa durƙusa mata sau ɗaya.